Shagonmu na lissafin kuɗin karatu a Maradi

Mu ukku ne a shagon, ni da ƙanena da wata yarinya da ta gama lisans a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Da fotokopi da cike takardu muka soma, to kowace shekara in sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito sai iyaye su cika mana shago da tambaya guda: nawa za ta ci in na kai yaro Kano, nawa in Yamai, nawa in Turai? Na gaji da lissafi bisa bayan ambulan, shi ne ƙanena ya haɗa mana ɗan shafi a intanet, ka zaɓi gari da makaranta da shekarun karatu, ya jera maka kuɗin rajista da haya da abinci da mota, ya kuma raba maka abin da ya kamata ka riƙa ajewa kowane wata.

Haɗa shafin sati biyu ya ɗauka. Ciyar da shi kuwa yau shekara nawa ba hutu, don farashi ba ya zama wuri guda.

Yuro ba ta ba mu wahala, tunda sefa a ɗaure take da ita, yuro ɗaya sefa 655,957, wato wajen 656, ko ka kwana shekara haka za ka tarar. Shi ya sa na Faransa ke da sauƙi: yuro 615 da suka nemi ɗalibi ya nuna yana da su kowane wata sun kama jika 403 da ƴan kai, kuɗin lisans na baƙi da suka sa yuro 2.770 a 2019 ya haura miliyan ɗaya da jika 800, kuma sun ɗan ƙara daga baya. Matsalar can yanzu biza ce, tun da suka rufe ofishin jakadancinsu na Yamai farkon 2024, dole muka rubuta gargaɗi da jan rubutu a saman shafin.

Naira ita ce ciwon kai wallahi. A Yunin 2023 aka sake ta, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a banki ta kai wajen 1.500 cikin Fabrairun 2024, ga iyakar Najeriya an rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane na zagaye ta daji kuɗin mota ya ninka. A nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Muna gyara canji kullum amma kuɗin makaranta na bara muka bari, sai shafin ya nuna karatu a wata jami'a ta ƙetaren iyaka ya koma kamar kyauta, alhali makarantar ta yi ƙari mai yawa ba mu bincika ba. Wani dattijo mai saida aya ya yarda da mu, ya saida buhunnan da lissafi ya ce, ya sa ɗansa mota. Bayan kwana huɗu sai ga shi bakin shago da takardarmu a ninke cikin aljihu, ya warware ta bisa tebur yana nuna lambar da yatsa, bai ɗaga murya ba, ya ce "ɗana, kai ka rubuta wanga ko injin?" Na ce Baba ni ne, laifina ne. Ya ce yaro na can masallaci yake kwana, rajista ba ta cika ba. Ranar muka haɗa abin da ke cikin akwatin shago muka cika masa muka tura, ya ce rance ne kuma ya biya bayan kaka duk da na roƙe shi ya bari.

Tun daga nan ba lambar da ke hawa shafi sai da shaida da kwanan wata a gefenta. Shaidar da na fi yarda da ita resi ne na ɗalibin da ya biya da hannunsa, don abin da makaranta ta manna a shafinta sau da yawa ba ya haɗa da kuɗin asibiti da katin ɗalibi da na sashe da ƙarin da ake ɗora wa baƙo. Muna da ɗalibai a Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai masu turo mana hoton resi ta WhatsApp, mu rufe suna da lamba, mu sa musu kati a waya. Lambar da ta kwana ɗari ba sabuwar shaida ta kan koma rawaya da kanta. Canji kuma na ƴan canji muke sawa, ƙanena kan hau kabu-kabu da safe ya tambayi mutum ukku a kasuwa, don uba ba a banki zai canza ba.

Wani abu da ba mu zata ba shi ne ƙirgen dala, wadda ɗaya sefa biyar ce. Tsoho in ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, sai ya sa jikansa ya rubuta 100, lissafi ya watse. Yanzu shafin na maimaita masa da jika kafin ya wuce. Bursun ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, kuma ba mu sa ta cikin kuɗin hannu sai ta tabbata ga yaro, ko ta tabbata muna ce ma uba ya aje na wata ukku gefe.

Masu makarantun kuɗi sun sha zuwa, su biya mu mu ɗora su sama ko mu ɓoye kuɗin ɗakin kwana don su fito da arha. Ba mu karɓa. Jika ɗaya da iyaye ke biya mu buga musu cikakken lissafi mu zauna mu bi shi layi layi, da ita da fotokopi muke riƙe shagon, wani wata da ƙyar ake biyan haya da wuta. Ɗan mai ayar nan yana shekara ta ukku yanzu, shi ke turo mana resin makarantarsu tun ranar da ya biya.