Godiya ga duk wanda ya tsaya mini bayan faɗuwata a kwarin Loire

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an sallame ni daga asibiti, ina gida a Tours, nan Faransa, yatsun hannun dama kuma sun fara jin magana, shi ya sa kuke ganin wannan rubutu. Saƙonni sun taru a waya har na kasa bin su ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma sun yi ta kira ina kwance ban ɗaga ba. Na ga gara in yi godiya a nan gaba ɗaya, in kuma faɗi abin da ya faru da bakina, domin labarin da ya isa Damagaram ya yi ƙiba a hanya. Wani ya ce mota ce ta buge ni, wani ya ce daga saman bene na faɗo. Daga kan keke na faɗi, a wata hanyar gona tsakanin gonakin inabi. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye, haƙarƙari ya tsage, hular kwano ta dare. Kai kuwa Allah ya tsare.

Baba ya tambaye ni a waya, wane irin keke ne wannan da zai kai babban mutum ɗakin tiyata? Mu dai keken burji muke ce masa. Siffarsa ta keken tsere ce, kansa a lanƙwashe, amma tayoyinsa sun fi faɗi, wajen milimita 40 zuwa 45, da 'yan haƙora, kuma ba a cika musu iska tam don su kama tsakuwa. An yi shi ne don mutum ya bar kwalta ga motoci ya bi hanyar tarakta, da ta ma'aikatan gandun daji, da kan jingar da aka yi wa kogi saboda ambaliya. Kwarin kogin Loire kuwa wurin wannan sana'a ne. Akwai hanyar keke mai alamomi da ake kira La Loire à Vélo, kimanin kilomita 900 daga kusa da Nevers har bakin teku a Saint-Brevin-les-Pins, ga kuma ƙananan hanyoyi da ke fita daga jikinta su shiga daji da gonaki. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wani babban yanki na kwarin cikin kayan tarihin duniya.

Mu uku muka fita: ni, da wani ɗan uwa ɗan Maraɗi da muke aiki wuri ɗaya, da wata dattijuwa Bafaranshiya ta ƙungiyarmu ta masu keke, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Da sassafe muka shiga jirgin ƙasa zuwa Blois da kekunanmu, muka tsallaka gada, muka shiga daji zuwa fadar Chambord. Mai mota daga wurin ajiye motoci yake fara hango wannan fada. Mai keke kuwa yana cikin itatuwa, ba ya jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, sai kawai daji ya buɗe ya ga hasumiyoyi da bututun hayaƙi sun cika masa ido. Sarki François na Ɗaya ne ya fara ginin a 1519, wai masaukin farauta, ɗakuna sama da 400, shi kansa kuma bai yi wani zaman kirki a ciki ba. Katangar da ta kewaye dajin kaɗai kilomita 32 ce. A tsakiyar ginin akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mai hawa ta wannan da mai sauka ta waccan ba sa haɗuwa. Ni dai in aka tambaye ni, nuna isa ne kawai, amma an iya nuna ta.

Fadar Cheverny wucewa muka yi, haushin karnukan farautarsu ya raka mu. Mun yi azahar a bakin ruwa a Candé-sur-Beuvron, dattijuwar tana tsaron kekuna, sannan muka kai fadar Chaumont, wadda ke zaune a kan tudu tana leƙen kogi. A nan dattijuwar ta ba mu labarin yadda bayan mutuwar Sarki Henri na Biyu a 1559, uwargidansa Catherine de Médicis ta karɓe fadar Chenonceau daga hannun Diane de Poitiers, farkar sarkin, ta ba ta Chaumont a madadi. Ɗan Maraɗi ya ce ashe wannan rigima ko'ina akwai ta.

Amma ba don waɗannan na fito ba. Niyyata in kai Amboise kafin a rufe ƙofar fada, saboda akwai musulmi a kwance a can. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, bayan shekaru yana yaƙi da sojan Faransa, ya ajiye makami a Disambar 1847 bisa alkawarin za a kai shi ƙasashen gabas. Aka saɓa alkawari, aka tsare shi a Toulon, aka mai da shi Pau, daga ƙarshe Amboise, daga 1848 zuwa 1852, shi da iyalansa da mabiyansa. Sanyi da laima da cuta suka ɗauki mutum 25 daga cikinsu, har da mata da ƙananan yara, aka binne su a farfajiyar fadar. A Oktoban 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Wannan mutumin ne daga baya, a Dimashƙa a 1860, ya buɗe gidansa ya kare Kiristoci lokacin da ake kashe su. A 2005 aka yi lambu a wurin kaburburan, da duwatsu 25 masu rubutun Larabci. Dubban 'yan yawon buɗe ido na shiga Amboise don kabarin Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, kaɗan ne ke hawa gefen nan. Ni so na yi in tsaya in yi musu addu'a.

Allah bai nufa ba a ranar. Bayan ƙauyen Mosnes muka bar bakin kogi muka hau tudu, muka kama wata farar hanya ta cikin inabi. A ƙarshen wani gangare ruwan sama ya yanka rami a gicciye, tsakuwa ta cika shi ta rufe, ba mai ganewa daga sama. Tayar gaba na shiga ta zame kamar an zuba gero a kan siminti. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kallon sama, numfashi yana yanka ni.

Shirun da ke sa mu son waɗannan hanyoyi, shi ne haɗarinsu. Ba mota, ba mai wucewa, hanyar ko suna ba ta da shi. Shi ya sa godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga abokan tafiyata take. Dattijuwar nan ta durƙusa ta riƙe kaina da hannu biyu, ta hana ni motsi, ta hana a cire mini hula, tana ta yi mini tambayoyi don kada in sume: sunan mahaifiyata, garinmu, ranar mako. Na so in miƙe, ta daka mini tsawa irin ta uwa, na kwanta. Ɗan Maraɗi ya kira 112, lambar agajin gaggawa, ya karanta musu lambobin wurin daga taswirar wayarsa, sannan ya zauna kusa da kunnena yana maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil har na kama tare da shi. Ɗan uwa, abin da ka yi mini ba na baki ba ne, Allah ya biya ka.

Sai manomin da ke da gonar. Yana can nesa a kan tarakta ya hango kekuna a yashe, ya kashe inji ya zo. Da ya ji an kira agaji, ya san motar ba za ta gane mashigar ba, sai ya tuƙa taraktarsa har bakin kwalta ya tsaya yana jiran su, ya shigo da su. Matarsa ta kawo bargo ta lulluɓe ni. Su ne suka ɗauki kekena suka adana a rumbunsu, irin ɗakunan nan da mutanen yankin ke fafewa a jikin farin dutse, wanda da shi aka gina yawancin fadojin. Ba su san ni ba, ba su tambayi takarduna ba, ba su tambayi daga ina na fito ba sai da matar ta zo dubiya asibiti da kwalbar zuma.

A Faransa 'yan kwana-kwana ne galibi ke zuwa ɗaukar wanda ya yi haɗari, kuma kusan huɗu cikin biyar na 'yan kwana-kwanan ƙasar 'yan sa kai ne, masu sana'o'insu, da ke barin aiki su fito in an kira. Waɗanda suka ɗauke ni ma haka ne, ɗaya ya ce mini shi gyaran famfo yake yi. Sun sa mini abin tallafe wuya, suka ɗora ni a kan katifar nan da ke ƙanƙame jiki, direban kuma ya bi tsakuwar a hankali har muka hau kwalta. Na gode muku.

Likitoci da ma'aikatan jinya, na gode. An ɗauki hoton kai da na ƙirji, aka yi aiki aka sa ƙarfe da sukurori a ƙashin. Ba zan manta da ma'aikaciyar dare da ta ga ina lalube da ido, ta tambaye ni me nake nema, na ce gabas, ta duba wayarta ta nuna mini, ta kuma rubuta a takardar abincina kada a kawo naman alade. Likitan da ya yi aikin, da ya ga hular da ta dare, dariya ya yi ya ce in gode mata, domin a fadar Amboise ɗin da nake son zuwa, Sarki Charles na Takwas ya buga kai a saman ƙofa a 1498 ya mutu a ranar, yana ɗan shekara 27. Dariyar da na yi sai da haƙarƙari ya karɓi harajinsa.

Jama'armu ta Tours, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da sauran 'yan uwa na masallaci, kun cika ɗakin har aka roƙe ku ku riƙa shigowa bibbiyu. Hajiyar da ta riƙa aiko da kunu da farfesu, ɗaliban da suka yi ta zirga-zirgar takardun inshora, da wanda ya kwana a kujera daren da aka fito da ni daga tiyata, Allah ya saka da alheri, ya raba ku da kwanciyar asibiti.

Inna, na san ba ki yi barci ba. Na ji an yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka, na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar maɗorin da kika ce a turo mini da maganin shafawarsa, ki kwantar da hankalinki, ɗorin ya riga ya kama, yanzu gashin ƙashi ake yi mini. Yaya, kai kuma da ka ce in sayar da keken in sayi hankali, na ji, amma ba yanzu ba.

Akwai abin da aka yi mini da ya fi komai taɓa ni. Ina kwance, ɗan Maraɗi da dattijuwar suka koma suka ƙarasa tafiyar daga inda na faɗi, suka bi ta Chargé suka shiga Amboise. Ya hau har lambun, ya kira ni ta bidiyo, ya juya wayar ga duwatsun nan, ya karanta Fatiha da ƙulhuwallahu ina amsawa daga kan gado, ita kuma tana tsaye gefe ta cire hularta. Allah ya jiƙan waɗannan bayin nasa da suka rasu nesa da gida.

Masu tambayar ta inda za su turo gudummawa, don Allah ku bar shi, inshora ta ɗauki nauyin asibiti, addu'arku ta wadatar. Keken yana wurin mai gyara, ƙafar gaba ce ta lanƙwashe, sauran lafiya lau. Likita ya ce kada in hau sai ya sake ɗaukar hoto ya ga ƙashi ya haɗe sarai. Wanda ya kira ban ɗaga ba ya yafe mini, zan bi ku a hankali, manya tukuna. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe ina wurin gashi.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mu a hanyoyinmu. Na gode.