Raƙumin dawa na gwamnati, wake na talaka

Na bar aikin kare namun daji ba don na gaji da daji ba. Abokan aiki na nan Yamai sun san dalili, wasu ma suna zaune a ɗakin ranar da abin ya faru, don haka ba sai na ambaci sunan kowa ba. Ga wanda zai gaji kujerata nake wannan rubutu.

Lissafin da muke alfahari da shi kowa ya haddace, tunda da shi kowane rahoto yake buɗewa: a 1996 raƙuman dawa 49 suka rage a yankin Kure da ke kusa da Yamai, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji. Gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Abin da rahoto ba ya faɗa shi ne wa ya ciyar da su. Kure ba gandun daji mai shinge ba ne irin yadda baƙi suke zato, gonakin mutane ne. Da damina dabbobin suna kan tudu, rani na yi su gangara kwarin Dallol Boso neman gawo, kuma a hanya ba sa ƙyale wake, ba sa ƙyale mangwaro. Manomi ya ɗaure harawarsa ya ɗora bisa icce don kada akuya da saniya su kai gare ta, sai ga wanda tsayinsa ya wuce reshen ya zo da dare ya sauke.

Idan shanun makiyayi suka shiga gona, kowa ya san hanya. A kira mai gari, a zagaya, a auna ɓarna, a yanka kuɗi, mai shanu ya biya ko da gunaguni. Raƙumin dawa kuwa dokar farauta ta 1998 ta kare shi gaba ɗaya, wanda ya taɓa shi ya taɓa hukuma. To amma ranar da ya ci wake, mai shi ba ya zuwa. Wani tsoho ya taɓa riƙe mini hannu a bakin gonarsa ya ce, "Ɗana, in na gwamnati ne, ka ce wa gwamnati ta zo ta ga abin da dabbarta ta yi." Daga wannan maganar na fara riƙe littafin ɓarna: gonar wane, wane amfani, a wane wata, wa ya shaida. Ba wanda ya sa ni. Da kaina nake bin gonakin tare da mai gari ko wakilinsa, kuma ba na rubuta abin da idona bai gani ba, domin na san akwai masu ƙara gishiri da zarar sun ga mota da biro a hannu.

Lokacin haɗa rahoton shekara na ware wa littafin nan babi guda, na ba da shawara a keɓe wani kaso na kasafinmu don biyan wanda aka tabbatar an yi wa ɓarna. Shugabanmu ya karɓa ya ce aiki ya yi kyau. Da rahoton ya fito, babin babu shi. Hotunan raƙuma suna nan, hoton rijiya yana nan, hoton mata riƙe da kuɗin rance suna murmushi yana nan. A taron ma'aikata na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga shafukan ɓarna ba." Ya dube ni ya ce, "Malam, masu ba mu kuɗi raƙumi suke son gani, ba wake ba." Aka yi dariya. Sannan ya ƙara da abin da har yau yake ci mini rai: wai ni nake koya wa ƙauyawa roƙo, kafin in fara yawo da littafi ba wanda yake kuka. Mutumin da bai taɓa kwana a ƙauyukan ba, in ya je ma gilashin mota a rufe, shi ne yake gaya mini abin da mutane suke faɗa da abin da ba sa faɗa. Bayan haka aka daina sa sunana cikin masu fita daji, aka ba ni tebur da lissafin man mota.

Ba na raina rijiya, ba na raina rance, sun yi amfani. Sai dai rabon amfani daban, diyya daban, kuma da gangan muke cakuɗa su. Rijiya ta kowa ce, har da ɗan kasuwar da ba shi da ko kunya ɗaya ta wake. Ɓarna kuwa gidan mutum ɗaya take faɗawa, sau da yawa mai gonar gefen daji, wanda shi ne ya fi kowa rashi. Ka ce masa ya yi haƙuri an haƙa wa gari rijiya, kamar ka ce wa wanda rumbunsa ya ƙone ya yi murna an gyara masallaci.

Kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido kuma, da muke ta yi wa mutane alkawarin rabonsu, a kan zare suke rataye. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke, 'yan jagora suka zauna ba aiki. Raƙuma ba su san da wannan ba, sun ci gaba da cin wakensu. Duk tsarin da ya ɗora haƙurin manomi a kan kuɗin ƙofa, ranar da ƙofa ta rufe ba shi da abin faɗa.

Da na kawo misalin wasu ƙasashe, cewa aka yi ina son burga. Yuganda tana mayar wa maƙwabtan gandun daji kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga. Ruwanda tana ba su kashi 10 na kuɗin yawon buɗe ido, kuma ta buɗe asusu dabam don biyan ɓarnar namun daji, wato ta raba abu biyun da muke haɗawa. Kenya ta rubuta cikin dokarta ta 2013 cewa wanda naman daji ya kashe, a biya iyalinsa shilin miliyan 5, amma mutane suna shekaru suna jiran kuɗin. Wannan ma abin lura ne: alkawarin diyya da ba a biya ya fi rashin alkawari haifar da gaba.

Mu ma ai mun ga inda haƙuri yake ƙarewa. A 2017 mutanen yankin Ayoru suka kashe dorina aƙalla 27, bayan sun daɗe suna kukan shinkafarsu da dabbobinsu da jiragensu na ruwa. A shekarar aka ayyana wa dorinar wurin kariya. Mutanen Kure ba su kai can ba, suna zaune da dabbar nan da kawaici mai ban mamaki, kuma wannan kawaicin ne muke ci kamar gadonmu.

Sauran abin da zan ce kaɗan ne. Ka auna ɓarna a ranar ko washegari, kafin sawu ya ɓace. Ka tambayi mata, su ne da wake da lambu a gidaje da yawa, kuma ba su ake kira taro ba. Kada ka yi alkawarin kuɗin da ba a hannunka suke ba. Ka koyi Zabarmanci ko kaɗan ne, tafinta yana tace magana. Duk takardar da ka miƙa sama, ka ajiye kwafi.

Ni na ajiye nawa, kuma kowane mai gari da na yi aiki da shi yana da shafin garinsa a hannu. Na ji an ce a sabuwar takardar neman tallafi shugaban namu ya sa babi a kan rikicin manoma da namun daji, tunda yanzu masu ba da kuɗi sun fara tambaya, kuma wanda ya karanta ya ce mini alƙaluman sun yi masa kama da waɗanda ya sani. Sunana dai ba ya ciki, na tambaya.