Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a Kwanar Dangora

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi mun iso Kano lafiya, ni da iyali, motar ma da ƙafarta ta shigo gida.

Kusa da Kwanar Dangora ta mutu mana, muna dawowa daga Zariya. Kana murɗa makulli inji na juyawa, amma tashi babu. Wanda ya fara dubawa ya ce kwamfutar motar ce ta ƙone, ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi wurin zama.

Babbar godiyata ga dattijon riwaya, mai gyaran wutar mota, da aka ɗauko mana a kan babur. Bai kwance komai ba, akwatin fiyus ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan rilen famfon mai, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfon wuta, ya ce, "Alhaji, yi mata ki." Rilen bai motsa ba. Ya zare shi ya nuna mini lambobin ƙasansa. Ta 30 da 87 babbar wuta ke wucewa zuwa famfo, 85 da 86 kuwa na ƙaramin kwayil ne, wato naɗin waya, da ke jawo 30 da 87 su haɗe. Kwamfuta ba ta ɗaukar nauyin famfo da kanta, at kawai take ba kwayil ɗin, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Ya sa fitilar gwaji, wutar batir na nan, at ɗin ne babu. Ashe da gangan kwamfutar ta hana, don ba ta samu labarin cewa inji na juyawa ba. Ya bi waya har ƙasa, sai ga ta sansan karanshaf, na'urar da ke ba kwamfuta wannan labari, ta kwanta a kan salansa ta narke.

Wani ya ce a haɗa 30 da 87 kai-tsaye mu wuce. Baba ya ce ba da hannunsa ba: famfo zai yi ta tura fetur ko inji ya tsaya, ranar da aka yi haɗari kuwa gobara ce. Kuma ko an haɗa, fulogi ba zai ba da wuta ba. Ya gyara wayar, ya ɗaure ta nesa da zafi, abin da ya karɓa ko kuɗin mansa bai kai ba.

Ina kuma gode wa mai shayin da ya shimfiɗa wa maiɗakina da yara tabarma, da samarin da suka tura mu gefen titi, da 'yan uwan da suka yi ta kira. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Baba, Allah ya yi wa sana'a albarka.