Yadda Na Lalata Injin Babur Ɗina A Cikin Cunkoso

A makon jiya da yamma, lokacin tashi daga aiki, cunkoso ya tsayar da mu wuri guda, kuma a gefena akwai wani matashi a kan sabon babur yana ta murɗa totur alhali ko taku ɗaya ba ya iya matsawa. Da ƙauri ya fara tashi daga injin, sai ya gangara gefen hanya, ya ciro robar ruwa zai kwarara masa. Na ɗaga murya na ce, "Yaro, kada ka kuskura!" Ya juyo ya ce, "Baba, ai sanyaya shi zan yi." Haka ni ma na faɗa wa kaina ranar da na ƙarasa babur ɗina na farko.

Babur irin nasa da nawa ba shi da lagireto kuma ba shi da fanka. Abin da ke kwashe masa zafi shi ne iskar da ke ratsa siraran haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da silinda, sai kuma baƙin mai da ke zagayawa a ciki. Idan babur ya tsaya, iska ta tsaya, amma wuta ba ta daina ci a cikin inji ba. Ban san wannan ba a lokacin, ko kuma in faɗi gaskiya, na ji an faɗa amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Laifina na farko a kan baƙin mai ne. Ƙaramin babur bai fi cin lita 1 ba, kuma wannan ɗan man shi ke hidimar fistin da giya da kuloci gaba ɗaya, amma ni sai in bar shi ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, kafin in canza. Da na tashi canzawa ma, ragowar baƙin man mota nake zubawa, wanda ake sa masa sinadarin ƙara santsi, shi kuwa kulocin babur a cikin mai yake kwance, don haka sai ya riƙa zamewa yana ƙara dafa man. Ina da iyali a lokacin, abin hannuna kaɗan ne, kuma har yau ina ganin duk wanda ke matsayina zai iya yin haka. Sai dai kuɗin da na riƙa tattalawa bai kai ko kusa da abin da gyaran ya ci ba.

Na biyu ya fi min ciwo, domin da bakina na roƙa. Na sa wani bakanike ya rage wa kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, fetur don ya riƙa daɗe mini. Ya gargaɗe ni sau ɗaya cewa inji mai shan iska da yawa da fetur kaɗan ya fi yin zafi, na ce ya yi abin da na sa shi. Wani lokaci nakan ce da ya nace da na ji, amma na san halina na wancan zamani. Bayan haka filogi ya riƙa fitowa fari fat maimakon ruwan ƙasa, kuma idan na ɗauki hawa sai in ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Injin yana sanar da ni halin da yake ciki, ni kuwa ina ƙara masa wuta. Ga laka da maiƙo sun cike tsakanin haƙarƙarin, ban taɓa tsayawa na goge ba.

Ranar da abin ya faru, na shafe tsawon lokaci ina tafiya kaɗan-kaɗan da kuloci a rabi, ina murɗa totur don kada ya mutu. Ƙarfinsa ya ragu, zafi ya dami ƙafafuna, sai na tsaya na kwarara masa ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi idan bayansa ya huce farat ɗaya alhali cikinsa na nan da zafi, yana iya karkacewa ko ya tsage. Na sake tayar da shi nan take, ban yi nisa ba injin ya buga. Da aka kwance, fistin ya karce silinda, kan injin kuma ya karkace.

Na yi niyyar jera muku shawarwari goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Ku duba baƙin mai tun kafin ku fita, ku sa irin kaurin da littafin babur ɗin ya ce, ko 10W-40 ne ko 20W-50, mai alamar JASO MA a jikin roba, wato alamar man da ya dace da kulocin babur. Ku bar kafireta yadda kamfani ya saita ta. Ku cire hannu daga totur idan kuna tsaye, domin murɗa shi ba ya kawo iska, wuta kawai yake ƙarawa. Ban san me ya sa samarin yanzu ba sa iya tsayuwar minti ɗaya ba tare da sun cika wa mutane kunne da ƙara ba, kuma rabinsu kunnuwansu a toshe suke da waya, ta yaya za su ji kukan inji?

Idan tsayuwa ta yi tsawo, ku kashe shi. Na san zafi kan ɗan ƙaru bayan kashewa saboda mai ya daina zagayawa, kuma yawan kashewa da tayarwa na cinye batir, don haka kada ku kashe a kowace ƙaramar tsayuwa. Amma idan kun ji waccan ƙarar tsakuwa, ku manta da batir, ku kashe, ku tura shi inuwa, ku jira.

Yaron ya mayar da ruwansa. Na roƙe shi ya zaro ma'aunin mai mu gani, muka tarar da man ƙasa da alama, a babur ɗin da bai cika shekara ba. Ya ce zai ƙara idan ya isa gida. Na ce ya jira ko da minti 15 ne, amma da hanya ta buɗe sai ya buga kik ya shige cikin motoci.