Zoben Wayar da Ya Kusa Kayar Mini da Sandar Jirgi

Ƙaramin jirgina na ruwa mai tafiya da iska, samfurin GP14 mai tsawon ƙafa 14, wayoyi uku ne kacal ke riƙe da sandar filafilinsa (ƙyallen da iska ke turawa), ɗaya a gaba, biyu a gefe, kuma kowace waya ƙusa ɗaya ce marar zare ke haɗa ta da jikin jirgin. Lokacin da na saye shi a Legas, na tarar an kulle bakin ƙusoshin da ƙananan zobba irin na maƙallin makulli, ban ga aibunsu ba saboda sauƙin cirewa.

Wata Asabar muna cikin tafkin Legas, iska na bugowa daga dama, sai na hangi wayar hagu tana lilo, ƙusarta ta fito fiye da rabi. Ashe igiyar filafilin gaba ce ke kama bakin zoben duk sa'ad da muka juya, tana warware shi kaɗan-kaɗan har ya faɗa ruwa. Da mun juya a lokacin, nauyi ya koma kan wayar nan, da sandar ta kife a kanmu. Na tura ƙusar da babban yatsa, na ɗaure ta da zare, muka lallaɓa zuwa gaɓa.

Na cire zobban duka na sa fil mai ƙafa biyu, wanda ake buɗa ƙafafunsa kaɗan da filaya, kimanin digiri 20, domin in aka lanƙwashe su gaba ɗaya ƙarfen yana gajiya, cirewa kuma ta zama aiki. Na goge tsininsu don kada su yaga filafili, na rufe su da salatif zagaye biyu kawai, tunda ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma yana ciwuwa idan ruwan gishiri ya kwanta inda iska ba ta shiga.

Zaɓen ƙarfen ya fi ba ni wahala, domin a kasuwa duk abin da ke ƙyalli sunansa ɗaya. Yanzu sai na ga an rubuta A4 ko 316, lambar wani nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa, nake saye, nau'in A2 kuwa, wato 304, ba ya jure gishiri kamarsa. Na kuma auna kowane rami, na sayi ƙusar da ta cika shi daidai, domin siririya tana cin ramin har ya zama kamar ƙwai. Wani makanike ya ba ni shawarar in sa ƙusa mai noti, na ƙi, saboda zarenta ne zai ɗauki nauyin wayar.