Godiya, bayan mun miƙa makullan tsoffin azuzuwan makarantarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar muka damƙa wa hedimasta makullan tsoffin azuzuwa huɗun nan da muka gyara a makarantar unguwarmu a Kaduna, yau kuma na tashi jikina kamar an yi mini duka. Wayata cike take da saƙonnin da ban buɗe ba, ku yi mini afuwa. Kun bi mu tun ranar da na sa hoton rufin da iskar farkon damina ta yaye, kun san yadda yarona ya faɗo daga rufin, kun san yadda aikin ya tsaya ya sake tashi, don haka ba zan maimaita ba. Godiya kawai na zo yi, ko da yake ban san ta inda zan kama ta ba.

Wasu sun tambaye ni a ɓoye, me ya sa muka nace wa tsohon gini har ya kusa cin ran ɗana. Ginin nan ya girme ni. Tun zamanin En'e aka yi shi, kafin 'yancin kai. A cikinsa mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya koyi rubuta sunansa a ajin yaƙi da jahilci, da dare, bayan ya taso daga aikin reluwe. Mu kuma 'yan UPE ne, wato shirin ilimin firamare ga kowa, 1976 aka kwashe mu aka zuba, muka yi yawa har wasunmu suka koma gindin dogonyaro da allo a jingine. Bayan an yi sabbin azuzuwa a gabas, sai tsohon jerin ya zama na kowa. Nan ake kafa akwatin zaɓe, nan malaman ƙidaya suka zauna a 1991 da 2006, nan ake ɗiga wa jarirai maganin shan inna, da yamma 'yan Islamiyya su shimfiɗa tabarmi. Daga baya ya koma sito na karyayyun benci. Da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, awaki suka gaje shi da rana, yaran da muke wa addu'ar shiriya suka gaje shi da dare.

Da muka zauna taron farko, masu cewa a rushe sun fi yawa, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na tuna musu cewa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, ta taso ta dawo nan Kaduna a 1938, ta wuce Zariya a 1949, amma Katsinawa ba su rushe ginin ƙasar da ta bari ba, yana nan ana zuwa kallo. Namu bai kai wannan daraja ba, amma shi muke da shi. Tsohon birkilan da muka kira ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da guduma, ya ce harsashin lafiya lau, kuma kaurin bangon ne ya sa ɗakunan ke da sanyi ko a tsakiyar bazara. Azarar baranda ma gara ba ta taɓa ta ba. Katakon rufi ne ta cinye ta ciki ta bar fatar waje, shi ne abin da ba mu gani ba sai da yaron ya taka.

Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar. Ina ƙasa ina ƙirga kwano, shi yana sama yana miƙa wa kafinta, sai na ji ƙaras, sai ƙura. Da na isa ɗakin yana kwance a kan daɓe, a daidai wurin da bencinmu yake muna aji biyu, ba ya motsi. Na kira sunansa sau uku. Ban san wanda ya ɗauke shi ba, ban san yadda muka shiga keke ba, abin da na sani kawai hannuna yana ƙarƙashin kansa kuma hannun ya jiƙe.

Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne na daren nan. Wajen ƙarfe goma an shiga da shi ɗakin tiyata, mahaifiyarsa ta zauna a ƙasa ta kasa kuka, ni kuma ina ta kai da kawo a baranda. Sai ga wata tsohuwa tana tafe a hankali da sanda, wata yarinya na riƙe mata da filas. Sai da ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina yaro sannan na gane ta. Malamarmu ce ta aji biyu. Ku da kuka girma a unguwar kun san ta, kun kuma san a wane ɗaki ta kwana uku ita da 'ya'yanta a watan Fabrairun 2000, lokacin da garin nan ya kama da wuta, iyayenmu suka jera tabarmi a bakin ƙofa suka ce sai dai a bi ta kansu. Bayan nan ta koma Sabon Tasha kamar yadda dubban mutane suka tsallaka kogi, wasu suka yi kudu wasu suka yo arewa, kuma tun daga lokacin ba ta sake taka unguwarmu ba. Jikarta ce ta ga labarin a Facebook ta karanta mata. A daren ta sa aka nemo mata keke ta hau gada.

Ba ta yi dogon jaje ba. Ta zauna a ƙasa kusa da matata, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta, a lokacin ne matar ta samu kuka ya fito. Can ta dube ni ta ce, “Ɗana, ka yi isha'i kuwa?” Na ce a'a, Mama. Ta ce, “Je ka yi sallarka, ina nan, ba inda za ni.” Na tafi masallacin asibitin na yi sujada na daɗe ban ɗago ba. Da na dawo na tarar ta rufe ido tana tata addu'ar, hannunta cikin na matata. Haka ta zauna har asuba, mace mai ciwon gwiwa, har likita ya fito ya ce jinin ya tsaya, ƙafar ce kawai za ta ɗauki lokaci. Da za ta tafi ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini kuɗi, ta ce rabi na magani, rabi na kwanon ajinta. Na san daga fanshonta ne. Na so in ƙi karɓa, ta harare ni irin hararar da take mana in mun zo a makare, na karɓa.

Mama, na san ba ki son a faɗa. Ki yafe mini, na kasa riƙewa.

Tun da na fara, bari in ƙarasa saɓa al'ada. Baba Maigadi, wanda ya ɓoye guntun ƙarfen layin dogon da ake buga mana a matsayin ƙararrawa, tare da tsoffin rajistoci, a ƙarƙashin gadonsa shekara da shekaru don kada 'yan gwangwan su kwashe. Ogan kafintocinmu na Panteka, da ya dawo bayan hatsarin ya sauke katakon gaba ɗaya, ya shafe sabon da baƙin mai saboda gara, ya ce kuɗin hannunsa sadaka ne. Inna mai ƙosai ta bakin ƙofa, da ta ciyar da leburori ba ta taɓa rubuta bashi ba. Samarin majalisar bakin masallaci, su biyar suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu, biyu daga cikinsu ma yaran nan ne da muke kora daga ginin. Mai keken da ya kai mu asibiti ya juya ban ko ga fuskarsa ba, in wani ya san shi don Allah ya haɗa ni da shi. Mai unguwa da liman, da matan da suka yi adashi suka sayi fenti.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya sa kada ku ga irin wannan dare a kan 'ya'yanku. Allah Ya ba Mama lafiyar gwiwa da tsawon rai, Ya raya mata jikoki. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka zauna a bakin ƙofar nan, Ya haskaka kabarinsu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu. Wanda ya ba da buhun siminti da wanda ya ba da ƙusa ɗaya, Allah Ya gina masa gida a Aljanna.

Matata ta ce kada in taɓo wannan, amma zan faɗa sau ɗaya. Akwai 'yan uwana na jini da suka yi aji ɗaya har zuwa shida a ɗakunan nan, Abuja ba nisa, jirgin ƙasa na tsayawa a Rigasa, kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Na ga saƙonninku na waya, na gode. Ban riƙe kowa ba, sai dai yaron ya tambaye ni ina baffanninsa, na rasa amsar da zan ba shi.

Saura bayan gida da gilashin taga biyu, kwamiti zai sanar da yadda za a yi. Ranar Litinin yara za su shiga. Yaron ya ce ko da sanda sai an kai shi, kuma mun roƙi Mama ta zo ta buga ƙarfen da hannunta. Ta ce in an aiko mata da keke za ta zo.