Zuwa Dutse da Insulin a Fulas

Mun bar Kano bayan sallar asuba a watan Afrilu, mu uku a motar haya, za mu Dutse wurin zaman da masu ciwon suga nau'i na ɗaya ke yi da iyayen yara. Hankalinmu duk yana kan insulin, maganin da masu wannan ciwo ke yin allurarsa. Zafi na rage masa ƙarfi, in kuma ya daskare ya tashi daga aiki. Sai muka ƙulle kwalaben a leda, muka jefa cikin fulas mai ruwan sanyi ba ƙanƙara, fulas ɗin a cinya, ba a but ba.

Muna tsallake gadar Wudil hannun ɗayanmu ya fara rawa, gumi ya keto masa. Na'urar gwajin suga ta nuna 62, duk abin da ya gaza 70 kuwa suga ya faɗi. Ya tsotse ƙwayar suga huɗu, aka jira minti 15 aka sake gwadawa, sannan ya bi da burodi don kada sugan ya sake faɗuwa kafin Kwanar Huguma.

A Dutse, a wani zaure, wata uwa ta nuna mana firij ɗinta na ajiye insulin: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tsumma mai lema a bisa. Dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa ce a Jigawa. Ana yayyafa ruwa safe da yamma, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Da damina sanyinta kan ragu. Kwalbar da aka buɗe kuma, a rubuta mata kwanan wata, kada ta wuce mako huɗu.

Maganar sirinji ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanta. Insulin mai lamba U-100 in aka zuƙe shi da sirinjin U-40, abin da ya shiga jiki ya ninka sau biyu da rabi. "Inna, ki duba lambar kwalba da ta sirinji tun a kemis," in ji wani matashi. Ya ɗaga riga ya nuna kullutun da ke fitowa in an dage da allura a wuri guda, wanda ke hana maganin shiga jini daidai.

An ja kunne kan zazzaɓi: ko yaro ya ƙi abinci ba a daina allura. In ya fara amai da numfashi sama-sama, asibiti kawai, ba jiƙo ba.

La'asar sakaliya muka sake wa fulas ruwa, muka nufi tasha.